Akwatin Tururin Kawu Mu'azu

Bilma, tsakiyar Fabrairu

Zuwa ga taubashiyata Iklima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Zubairu da yara da keken ɗinkinki. Ki gaida Gwaggo Haoua, ki ce mata ɗanta na cikin rairayi yana nan da ransa. Ni lafiya lau nake. Rezon salula ne kawai ke wasa da mu a nan, sai ya yi mako bai leƙo ba, shi ya sa na koma ga takarda, na ba direban kamiyon dabino ya saka a motar Yamai in ya kai Agadez.

Ramlatu da ke haya a gidanmu na unguwar Lazaret ta gaya mini Baba ya faɗi a tsakar gida yana hanyar salga. Shi bai gaya mini ba, kuma ba zai gaya mini ba. Kin san ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya kamawa. In na kira shi, daga "lafiya lau" sai "Allah shi tsare", ya miƙa wa wani salular. Ina nan ɗakin likita ina ɗaure gwiwoyin iyayen mutane, tawa ta gida tana faɗuwa a ƙasa. Tun da na ji, raina bai kwanta ba.

Ga abin da nake so. Ɗan ɗakin ajiyar nan da ke manne da ɗakinsa a mayar da shi makewayi, a huda ƙofa ta ciki, a sa masai na zama da pompon ruwa, don kada ya sake ƙetare tsakar gida. Sannan akwai wani abu da na gani a Maroc lokacin da aka tura mu horo: akwati ne na gilashi, mutum ya shiga ya zauna, tururi ya rufe shi. Na shiga sau ɗaya, na fito ina jin bayana sabo. Gwiwar Baba da tarin nan nasa abin da suke buƙata ke nan. Na zana yadda za a jera kome, zanen yana cikin ambulan.

Ki nemi plombiye, mai aikin pompo, mai tsoron Allah ya yi mana lissafin aiki. Kada Baba ya ji kuɗin. A gama kafin damina, don in ruwa ya sauka tsakar gidan nan sulɓi gare ta.

Naki,
Abdoulkarim

Yamai, farkon Maris

Abdou,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da warin dabino. Muna lafiya, Inna tana amsawa, ta ce ka yi aure ka bar zane-zane. Kawu Mu'azu ma da sauƙi, gwiwar ce ta ɗan kumbura, yana takawa da sanda.

Na karanta maganar akwatin nan har sau uku ban gane ba. Na kai wa Zubairu, ya karanta, ya ce watakila injin busar da kaya kake nufi. Sai da Hamisu plombiye ya nuna mini hotonsa a salula na ce, ashe sirace ne! Siracen da Inna ke yi da tukunya da ganyen darbejiya ta lulluɓa da zane, shi ka je har Maroc ka gano. Kuma a Yamai, Abdou. Nan da wata guda garin nan duka zai zama akwatin tururi, kyauta, ba ruwan kowa da kuran, wato wutar lantarki.

To amma ubanka ne, aljihunka ne. Ga abin da Hamisu ya ce. Makewayi da masai da pompo ba wani abu ba ne. Akwatin shi ne mai cin mutum. An same shi a wani shago can wajen babbar kasuwa, kuɗinsa kaɗai ya haura miliyon. Bayan haka wayar kuran ta gidan ba za ta ɗauke shi ba, sai an ja sabuwa daga kontar, mitar wutar gidan. Bango sai an manna masa karo, wato tayil, har sama, in ba haka ba tururi zai cinye siminti. Rufin ma sai an sake shi. Duk wanda na tambaya sai ya ƙara mini abu ɗaya, har na daina tambaya. A taƙaice, da akwati aikin ya ninka sau uku.

Kuma ɗakin ƙarami ne. Hamisu ya auna, ya ce in akwati ya shiga kusurwar da ka zana, masai ba shi da wurin zama sai jikin bango ɗaya tak, kuma can tiyon ruwa zai sami gangara zuwa rami. Na duba zanenka, kai ma can ka sa shi, don haka ba matsala.

Na gaya wa Kawu za a yi masa makewayi a ɗaki. Ya ce, "Allah shi yi wa yaron nan albarka." Ban ambaci akwati ba tukuna, don ban san da wane baki zan fara ba. Ka sake tunani, ka ba ni amsa.

Taubashiyarka,
Iklima

Bilma, ƙarshen Maris

Iklima,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, sai zafi da ya fara. Na ji daɗi da Baba yana takawa.

Ki yi dariyarki ki gama. Tukunyar Gwaggo fuska kawai take gasawa, wannan kuwa har ƙashi yake shiga. Na turo kuɗin ta hannun Zubairu. A yi da akwati, a bi zanen kamar yadda yake, kada Hamisu ya kawo nasa wayon. Shekara nawa ina aiki ban taɓa yi wa Baba abin da zai gani da idonsa ba. Kuɗi in na aika sai ya raba wa maƙwabta. Wannan dai ba ya rabuwa.

Abdoulkarim

Yamai, ƙarshen Afrilu

Abdou,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, sai ƙaramar tawa da ƙurajen zafi suka feso wa. Inna ta ce a gaishe ka.

An gama aiki. Wallahi ya yi kyau, na janye rabin dariyata. Farin karo, masai fari, akwati yana walƙiya a kusurwa. Ranar gwaji kuran ya ɗauke muna tsaye, muka zauna a inuwa har la'asar kafin ya dawo. Kawu ya tambayi Hamisu, "Ba ya dafa mutum?" Hamisu ya ce shi zai fara shiga. Ya shiga ya fito da ransa, sannan Kawu ya yarda.

Kuma ka yi gaskiya, ban so faɗa ba amma ka yi gaskiya. Kawu yana son abin nan. Kullum da hantsi yake shiga in akwai kuran. Tarin ya ragu, Ramlatu ta ce yanzu ba ta jin shi ta bango. Ranar Juma'a har ya gayyato abokinsa Alhaji Tanimu, tsofaffi biyu suna bin layi da tawul a kafaɗa. Unguwa ta ɗauka, wai gidan Malam Mu'azu an kawo injin gyaran gwiwa.

Amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Masan nan bai taɓa zama a kai ba. Har yanzu da sanda da buta yake ƙetare tsakar gida zuwa tsohuwar salga, ya tsuguna da gwiwar nan, ya fito yana dafa bango. Ramlatu ce ta lura, ni ma na zo na gani da idona. Na leƙa sabon makewayi, ledar da aka naɗe murfin masan da ita ko yagewa ba ta yi ba.

Na ce, "Kawu, ko akwai abin da bai yi daidai ba a ciki?"

Ya ce, "A'a, ɗiyata. Aiki ya yi. Allah shi saka."

Na ce, "To na ga har yanzu kana fita waje."

Sai ya tambaye ni ko Zubairu ya gyara motarsa. Ka san ba maganar da mace za ta tsananta wa kawunta ba ce, sai na bar maganar. Mun sayi abin da ba a roƙa ba yana ta aiki, wanda aka yi aikin dominsa kuwa yana zaune a leda. Kai da ka san jikin tsofaffi, gaya mini mene ne wannan.

Iklima

Bilma, farkon Mayu

Iklima,

Ina fata ƴar taki ta warke. Ki riƙa yi mata wanka da ruwa mai sanyi, ki bar shafa mata mai. Ni ƙalau.

Takardarki ta faranta mini rai ta kuma dagula mini shi. Na kwana biyu ina juya maganar. Ko dai karon yana da sulɓi yana tsoron faɗuwa, ko masan ya yi masa tsawo, ko kuwa bai san yadda ake kora ruwan ba yana jin kunyar tambaya. Ki sa Hamisu ya kafa ƙarfen dafawa a bango, a shimfiɗa roba a ƙasa, Zubairu kuma ya nuna masa yadda ake korawa, namiji da namiji.

Akwai kuma wani abu. Kin rubuta "mun sayi abin da ba a roƙa ba". Baba ne ya faɗi haka, ko ke? In shi ne, to wani ya gaya masa kuɗin, kuma ke kaɗai da Zubairu kuka sani. Na san Baba, in ya ji an yi ɓarna sai ya hukunta kansa, ya ƙi morar abu. Na roƙe ki tun farko.

In duk an yi wannan bai bari ba, to sabo ne kawai. Ki sa kwaɗo a tsohuwar salga, ki ba Ramlatu mabuɗi ta yi amfani da ita ita kaɗai. In bai ga wata hanya ba zai shiga sabon. Haka muke yi da majinyata masu taurin kai.

Abdoulkarim

Yamai, ƙarshen Mayu

Abdoulkarim,

Ina gaisuwa, ko da yake da takardarka ta zo ban yi niyyar gaishe ka ba. Yarinya ta warke. Inna lafiya.

Maganar tawa ce, ni na rubuta ta da hannuna, Kawu bai ce kome ba. Wata uku ina rufe shago ina hawa kabu-kabu daga unguwarmu Dar es Salam zuwa Lazaret cikin ranar nan, masu ɗinkin salla suna zagina, sannan ka zauna can ka ce na kai tsegumi. In kuɗi ne ya dame shi, me ya sa akwatin da ya ci kuɗin yake shiga kullum, masan da bai ci kome ba yake gudu? Ka yi tunani mana.

An kafa ƙarfe. An shimfiɗa roba. Zubairu ya shiga da shi ya nuna masa, Kawu ya ce shi da ya yi shekara talatin yana tuƙa motar ministoci, ya san masan zama tun Zubairu bai san hanyar makarantar lakwal ba. Zubairu ya fito yana sosa ƙeya.

Sai na bi shawararka, kuma na yi da-na-sani. Na sa kwaɗo. Kawu ya zo ya tsaya gaban ƙofar, ya dubi kwaɗon, bai tambayi kowa mabuɗi ba. Ya juya ya fita daga gidan. Abdou, makewayin masallaci ya koma zuwa. Ka san hanyar, sai an ƙetare kwatar nan an ratsa ta gaban masu babura. Tsoho da sanda da buta. A da tsakar gida kawai muke tsoro, yanzu titi ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya rage cin abinci. Ramlatu ta ce tuwon yamma yanzu loma biyu yake yi ya ture, fura ma ya daina sha. Ta ce masa ko miyar ce ba ta yi ba, ya ce miya ta yi. Ni na gane, yana rage ci ne don ya rage fita. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Da na ga haka na cire kwaɗon na jefa a jakata, amma fushi ne ko kunya, bai koma cin abincin ba.

Na rasa inda zan kama. Inna ta ce watakila an yi wa ɗakin wani abu, a kira malami ya yi tofi. Zubairu ya ce farin karon ne, wai tsoho yana ganin wurin ya fi ƙarfin a ɓata shi. Hamisu ya ce shi dai ruwa na tafiya, aikinsa ba shi da laifi. Kowa da tasa, kuma jiya hadari ya haɗu ta gabas, iska ta kwashe shi. Wani karon ba za ta kwashe ba.

Ka kira shi, ko sau ɗaya, ka tambaye shi da bakinka.

Iklima

Bilma, farkon Yuni

Iklima,

Ki yafe mini, na yi miki rashin adalci. Ina gaishe ki da Zubairu, Allah ya biya ki wahalarki. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Na hau tudu na sami rezo na kira shi. Na ce, "Baba, makewayin fa?" Ya ce, "Madalla." Na ce, "An ce ba ka shiga." Ya ce, "Ina shiga kullum, gwiwa ta gode." Sai na ji muryar Ramlatu, ya riga ya miƙa mata.

Ina jin tsoron abin da zan rubuta. Na ga tsofaffi da yawa a nan da kansu ya fara rikicewa, kuma haka yake farawa: ƙin sabon wuri, ƙin abinci, amsa da ba ta dace da tambaya ba. Ki kai shi babban asibiti a duba ƙwaƙwalwarsa. Kada ki gaya masa dalili, ki ce awon jini ne.

Kome za a canja a ɗakin a canja, amma kada a taɓa akwatin. Shi kaɗai ne abin da na taɓa ba shi ya karɓa.

Abdoulkarim

Yamai, tsakiyar Yuni

Abdou,

Assalamu alaikum. Muna lafiya gaba ɗaya, Kawu ma lafiya, ka fara jin wannan kafin sauran. Ban kai shi asibiti ba. Kansa ya fi nawa da naka zama daidai. Kuma na taɓa akwatin. Ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Ranar da takardarka ta zo na tafi Lazaret da niyyar shirya ƙaryar awon jinin. La'asar ta same ni a can, Kawu yana masallaci, ɗakin Ramlatu a rufe. Sai na shiga ɗakinsa na ɗauki buzunsa na shimfiɗa inda yake shimfiɗawa. Ƙofar makewayi a buɗe take, a hannun hagu. Na tsaya zan ɗaga hannu in yi kabbara, idona ya faɗa ciki. Inda na sa gaba, nan masan ya sa gaba. Ni da shi sahu ɗaya.

Abdou, alƙibla masan yake kallo. Duk wanda ya zauna a kai, gabas zai fuskanta sak.

Na yi sallar nan ban san me na karanta ba. Ni da kai da Zubairu da Hamisu, Musulmi huɗu, mun auna bango mun auna tiyo, ba wanda ya tambayi ina gabas. Tsohuwar salgar kuwa na je na duba, kudu take kallo. Wanda ya haƙa ta bai yi zane ba.

Kafin in yi wa Kawu magana na aika Zubairu wajen liman. Liman ya ce a cikin gini akwai sassauci, a fili ne aka tsananta. Na ji daɗi, na ce shi ke nan, ba sai an fasa kome ba. Na sami Kawu a zaure, na durƙusa, na ce, "Kawu, na ga inda masan nan yake kallo."

Ya dubi sandarsa. Sannan ya ce, "Kin gani?"

Na ce na gani, kuma ga abin da liman ya ce.

Ya ce, "Na sani, ɗiyata. Na san da sassaucin tun ba a haifi liman ba. Na gwada, ranar farko na gwada. Na zauna, na ɗaga kai, na tuna inda nika kallo, jikina ya ƙi. Shekara saba'in da wani abu ban yi ba. Inda nika sa goshi, can zan juya in yi wannan?"

Na ce, "To me ya hana ka faɗa? Ka bar mu muna ta kame-kame, har kwaɗo na sa maka."

Ya ce, "In faɗa wa wa? Ke mace ce, kuma ɗiya. Shi kuwa yana can cikin rairayi ya tara guminsa ya yi mini abu, in buɗe baki in ce ya karkace? Kuma na auna da ido, na san in za a juya shi sai an fid da akwatin. Na ce bari in lallaɓa hakanan."

Wallahi sai da na yi kuka a gabansa, kunya ma ban ji ba.

Na kira Hamisu washegari. Ya auna ya sake aunawa, ya ce Kawu ya yi daidai: masai ya kalli kudu ko arewa, dole ya shiga kusurwar akwati. Ɗakin ba zai ɗauki biyun ba. Na tambaya ko a mayar da akwatin wani wuri, ya ce sai an gina masa ɗaki, an sake jan waya da tiyo, kuma ba a fara gini ruwa na bisa kai. Na neme ka a salula har na gaji, ba rezo. Takarda kuwa kafin ta je ta dawo damina ta yi nisa.

Sai na tambayi mai ɗakin. Na ce, "Kawu, ɗaya za a bari. Wanne?"

Ban taɓa ganin ya yi jinkirin amsa irin wannan ba, don yana son tururin nan, kada ka yi shakka. Ya shafa gwiwarsa, ya ce, "Wannan ta saba da ciwo, za ta yi haƙuri. A juya masan." Ya roƙi abu ɗaya, a bari ya shiga sau ɗaya kafin a kwance. Kuran ya yi mana kirki ranar. Ya shiga, ya daɗe fiye da kullum, ya fito ya zauna a zaure bai kalli masu aikin ba har suka gama.

Akwatin yana ɗakin Ramlatu, an naɗe gilasan da tsofaffin barguna, ko tsagewa babu. In ka zo hutu ka ga dama ka gina masa wuri bayan damina, in ka ga dama ka sayar. Kawu ya ce in gaya maka ya sha tururinka wata biyu, ya ji daɗinsa, kada ka sa wa ranka kome. Ya ce in rubuta haka daidai yadda ya faɗa, na rubuta.

Masan yanzu kudu yake kallo. An yi asarar karo kaɗan, akwai tabo a bango inda akwati ya tashi, ba shi da kyan gani kamar da. Ranar da siminti ya bushe Ramlatu ta kai masa tuwo, ya cinye, ya aika a sayo fura.

Shekaranjiya ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, kwatar masallaci ta cika ta tumbatsa har titi. Da gari ya waye na kasa zama, na hau kabu-kabu na tafi Lazaret. Na tsaya a bakin zaure na dubi tsakar gida. Laka ce shimfiɗe tun daga ƙofar ɗakinsa har bakin tsohuwar salga, kuma babu sawun sanda ko ɗaya a kanta. Yana ciki yana jan carbi, ƙafarsa a bushe.

In za ka yi fushi ka yi da ni, na ɗauka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taubashiyarka,
Iklima